Motsa jiki da cin abinci ga sojan da aiki ya sha wa kai: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan dawowa daga bakin sojoji, tun daga kurtu har hafsa, idan aiki ya yi tsanani: gadin dare, sintiri, kwas, tafiya fagen daga, ko canjin wurin aiki ba shiri. An fara da na sama-sama, sannan aka gangara zuwa masu buƙatar ɗan lissafi. Wanda ke fama da wani ciwo ko yake shan magani na dindindin, maganar likitan rundunarsa ce gaba da duk abin da ke nan.

Aikin soja kansa ai wahala ne. Me zai sa in ƙara da wani motsa jiki?

Gajiya daban, horo daban. Awa 12 a tsaye a shingen bincike da sulke da kwalkwali za ta sa ka koma ɗaki kamar wanda aka yi wa dukan tsiya, amma zuciyarka ba ta buga da ƙarfin da zai ƙara mata juriya ba, tsokarka kuma ba ta ɗauki abin da ya wuce wanda ta saba ba. Jiki yana ƙaruwa ne idan an ba shi aikin da ya ɗan ɗara na jiya, sannan aka bar shi ya huta. Shi ya sa soja kan dawo daga wata shida a daji a rame, a gajiye, ga shi kuma gudunsa ya lalace. Direba da mai kula da na'urar sadarwa da mai aikin ofis kuwa, yawancin yininsu a zaune suke.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, haɗe da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wannan ma'aunin farar hula ne. Wanda wata rana za a ce ya ja ɗan'uwansa da aka ji wa rauni, da kayansa duka, bai kamata ya zauna ƙasa da haka ba.

Ba ni da tsayayyen lokaci, yau safe gobe dare. Ta yaya zan tsara abin?

Yawancin tsare-tsaren da ke rushewa an gina su ne a kan makon da komai ya tafi daidai: kwana biyar, awa ɗaya kullum, ƙarfe shida na yamma. Ranar da aka kira fareti na gaggawa sai tsarin ya karye, mutum ya ce sai Litinin mai zuwa, Litinin ɗin kuma ta zo da nata. Ka gina naka a kan makon da ya fi kowanne muni. Ka tambayi kanka: a makon da na fi shan wuya a watan jiya, minti nawa ne da gaske zan iya fitarwa? In amsar minti 15 sau biyu ce, to shi ne tushenka, kuma ba ya faɗuwa ko me ya faru. Duk abin da aka samu a kansa riba ce.

Abu na biyu, ka daina ɗaure atisayenka da agogo, tunda agogon ba a hannunka yake ba. Ka ɗaure shi da abin da dole ya faru kullum: kafin wanka, ko bayan tashi daga barci ko da ƙarfe nawa aka tashi. Ka kuma daina lissafi da sunayen kwanaki. Ka ce zama na ɗaya, na biyu, na uku, kana juya su. In aiki ya cinye kwana biyu, sai ka ɗora daga inda ka tsaya. In akwai abokin aiki da layinku ɗaya, ku haɗa kai, domin mutum ya fi jin nauyin saɓa wa wani a kan saɓa wa kansa.

To mene ne mafi ƙarancin abin da zai hana ni komawa baya?

Nan ne mutane da yawa suke mamaki. Gina ƙarfi yana cin lokaci, amma riƙe wanda aka riga aka gina ba ya cin ko rabinsa. Wani nazari da aka buga a 2021, wanda ya tattara binciken shekaru masu yawa da nufin amfanin sojoji da 'yan wasa, ya nuna cewa juriyar gudu tana iya tsayawa har mako 15 da zama biyu kacal a mako. Ƙarfin tsoka da girmanta a jikin matashi suna iya tsayawa har mako 32 da zama ɗaya a mako, zagaye ɗaya na kowane motsi. Wanda shekaru suka ja yana buƙatar fiye da haka kafin ya riƙe girman tsoka.

Sharaɗin ɗaya ne, kuma shi ne ake mantawa: tsananin aikin ba zai sauka ba. Ka rage yawa, ka rage tsawon lokaci, amma nauyin da kake ɗagawa da saurin da kake gudu su zauna inda suke. Minti 20 na gudun da zai sa ka haki ya fi maka minti 40 na jan ƙafa. Da yawa suna yin akasin haka idan aiki ya matsa: suna ci gaba da fita, amma a sanyaye, sai su rasa lokacin su kuma rasa ƙarfin.

Inda aka tura mu babu ɗakin motsa jiki, babu ƙarafa. Da me zan yi?

Tsohuwar matsala ce. A ƙarshen shekarun 1950 rundunar sojan sama ta Kanada ta sa Bill Orban ya tsara wa ma'aikatanta da ke tashoshi masu nisa wani shiri da ake kira 5BX: motsi biyar, minti 11 a rana, ba kayan aiki ko ɗaya. Wasu motsin nasa an daina ba da shawararsu yau, amma dabarar tana nan daram.

Motsi huɗu za ka nema: turawa, ja, tsugunawa, da ɗauka. Turawa ita ce ɗaga jiki daga ƙasa da hannuwa. In ta yi maka sauƙi, ka ɗora ƙafafu a kan akwati ko ka goya jaka. Ja kuwa, duk wani ƙarfe ko reshe mai ƙwari da za ka rataya ka ja jikinka sama ya isa, kuma shi ne motsin da aka fi sakaci da shi alhali shi ke kare kafaɗa da baya. Tsuguna-tashi da ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, da jaka a ƙirji, zai ba cinya aikin da ba ka zata ba. Ɗauka ta fi kowanne sauƙin samu: jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce, biyu a hannu ka yi taku 50 ka dawo. Buhun yashi ma haka. Ka yi su a jere, ka ɗan huta, ka maimaita sau uku ko huɗu, cikin minti 20 ka gama.

Na kwana a gadi, ina da awa huɗu kafin a sake nemana. Barci ko atisaye?

Barci, ba tare da jin kunya ba. Baligi yana buƙatar awa 7 ko fiye a kowace awa 24, kuma a lokacin barci ne jiki ke gyara abin da atisaye ya taɓa. Bincike a Ostireliya ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hankalinsa da na hannunsa suna raguwa kamar na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa. Mai riƙe da bindiga ko sitiyari ya yi wa kansa hisabi. Ɗaga nauyi a wannan hali hanyar targaɗe ce kawai.

In ba za a samu barcin a dunƙule ba, a tara shi guntu-guntu. Gyangyaɗin minti 20 yana wartsakar da kai. In akwai sarari, minti 90 ya fi. In ka san aiki mai hana barci yana tafe, ka ƙara barci a kwanakin da suka gabace shi, domin binciken cibiyar Walter Reed ta sojan Amurka ya nuna cewa wanda ya shiga rashin barci da ajiya ya fi jurewa kuma ya fi saurin farfaɗowa. Atisayen da ka bari yau bai ɓata ba, ka duba amsar da ke sama kan juya zama ɗaya, biyu, uku.

Kofi da lemon ƙarin kuzari fa? Su ke riƙe ni da dare.

Sinadarin kafeyin yana aiki, ba musu. Ga baligi mai lafiya, iyakar da hukumomin abinci na Turai da Amurka suka ambata ita ce miligiram 400 a rana, wato kimanin kofin kofi huɗu. Matsalar ita ce yana daɗewa a jiki: bayan kamar awa 5, rabinsa na nan. Wanda ya sha gwangwani biyu da asuba don ya ƙarasa gadi, shi ne zai kwanta da hantsi yana juyi. Ka sha a farkon aikin dare da tsakiyarsa, ka tsaya aƙalla awa 6 kafin lokacin kwanciya. Ka karanta jikin gwangwanin, domin wasu suna ɗauke da ninkin abin da ke cikin kofi, ga tulin sukari.

Abincin da aka dafa wa kowa nake ci, ba ni ke zaɓa ba. Me ya rage a hannuna?

Fiye da yadda kake zato. Ba kai ke zaɓar tukunya ba, amma kai ke zaɓar yadda farantinka zai kasance da abin da ke cikin aljihunka. Abincin taro kusan ko'ina sitaci ya fi yawa a cikinsa, furotin, wato sinadarin gina jiki, shi ne ke ƙaranci. Mai aikin ƙarfi yana buƙatar giram 1.2 zuwa 2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 75 ke nan yana neman giram 90 zuwa 150. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, kofin madara 8, kofin dafaffen wake kusan 15, ƙaramin gwangwanin kifi wajen 20. In ka lissafa abin da ka ci jiya, wataƙila za ka ga giɓin da idonka.

Ya fi kyau a raba shi a kan abinci uku ko huɗu, giram 20 zuwa 40 kowane zama, a kan a tara shi duka da dare. Ka ajiye abin da ba ya lalacewa da wuri, kamar kifin gwangwani, garin madara, gyaɗa da busassun 'ya'yan itace. Sitacin kuma kada ka ɗauke shi abokin gaba. Ranar doguwar tafiya shi ne man da injin ke sha; ranar zaman ofis ne za ka rage shi ka ƙara ganye.

A fagen daga abincin ƙunshi ake ba mu, kuma ba ya shiga. In ci dole?

Ka ci. Kuskuren da aka fi yi a daji ƙarancin ci ne. Zafi da gajiya da fargaba suna kashe sha'awar abinci, ga ɗabi'ar buɗe ƙunshi a zubar da rabi don rage nauyin jaka. Ƙunshin sojan Amurka da ake kira MRE, alal misali, kowane ɗaya yana da kimanin kalori 1,250, an kuma tsara a ci uku a rana. Wanda ya tsinci biskit da alewa ya yar da sauran, yana tafe da kaya yini guda, tsokarsa ce za ta biya bashin. In ba za ka iya zama ka cinye ba, ka rarraba shi a aljihu kana ci kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu. Irin wannan abinci yakan sa bayan gida ya yi tauri. Ruwa da duk wani ɗanyen abu mai tsabta da aka samu su ne maganin.

Ina aikin dare, teɓa tana fitowa. In rage ci sosai?

Rashin barci yana ƙara yunwa, kuma abin zaƙi da maiƙo yake sa mutum nema. Ƙarfe uku na dare ba lokacin da ake yanke shawara mai kyau ba ne, don haka ka yanke ta tun da rana: ka ci cikakken abinci kafin ka hau aiki, ka tafi da ɗan abin taɓawa mai furotin, ka bar lemon kwalba. Sau da yawa abin da ake sha ne ke kawo teɓar, har da giya, wadda kowane giram nata kalori 7 ne.

Rage ci mai tsanani a tsakiyar aiki mai wuya kuwa, ban ba da shawararsa ba. A wani gwaji na Jami'ar Shikago a 2010, mutane sun rage ci iri ɗaya na mako biyu, sau ɗaya da awa 8 da rabi a gado, sau ɗaya da awa 5 da rabi. Nauyin da suka zubar kusan ɗaya ne, amma da gajeren barci kitsen da ya tafi ya ragu da fiye da rabi, sauran daga tsoka da sauran abin da ba kitse ba ya fita. Ka jira lokacin da aiki ya lafa, ka nemi rabin kilo a mako.

Ruwa nawa zan sha?

Babu adadi ɗaya ga kowa. Mai aiki cikin zafi da kaki da sulke yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye na gumi a awa, kuma da zarar ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa aikinsa ya fara raguwa. Ka duba fitsarinka: in ya yi fari-fari kana lafiya, in ya yi duhu kana baya. Amma yawan shan ma yana kisa, domin yana tsinka gishirin jini. Ƙa'idar sojan Amurka ita ce kada a wuce kimanin lita 1.4 a awa, ko lita 11 a rana. Gishirin da gumi ya fitar kuwa daga abinci yake dawowa, wani dalili ke nan na cin ƙunshin da aka ambata a baya.

Waɗanne alamu ne ke nuna in tsaya, ko da oga yana kallo?

Wanda ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili a cikin zafi, a ɗauka zafin ya bugi ƙwaƙwalwarsa, ko da yana gumi. A cire masa kaya, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa mafi sanyi da aka samu nan take, sannan a nemi mota. Sanyayawa ce farko. Ciwon ƙirji da suma su ma ba abin jarumta ba ne. Fitsari mai launin baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani, da kumburin tsoka da ciwon da ya wuce misali, alama ce tsoka tana narkewa cikin jini, kuma tana iya taɓa ƙoda. Asibiti ne a ranar.

Mai jinin AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila, ya san matsayinsa, likitan runduna ma ya sani, domin haɗarin wannan narkewar ya fi yawa a gare shi idan aka haɗa zafi, ƙishirwa da gudun ƙure ƙarfi. Wanda aka kai sabon wuri mai zafi yana buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin jikinsa ya saba. A kuma yi hattara da haɗiyar ibuprofen kafin tafiya cikin rana, domin shi da ƙishirwa sukan haɗu su wahalar da ƙoda. Tramadol don a ji ƙarfi kuwa, ciwon kawai yake rufewa, ya bar mutum da jaraba.

Garin ƙarin ƙarfi da ƙwayoyin gina jiki suna da amfani?

Kaɗan daga ciki. Garin furotin abinci ne a wata siffa, yana cike giɓi idan babu na gaske. Kiriyatin, sinadarin da ke taimaka wa tsoka wajen aikin ƙarfi, giram 3 zuwa 5 a rana, yana cikin waɗanda aka fi bincika. Sauran, musamman masu alƙawarin ƙona kitse ko ninka tsoka cikin wata ɗaya, ka bar su a kanta. A ƙarshen 2011 ma'aikatar tsaron Amurka ta janye kayan da ke ɗauke da wani sinadarin ƙarin kuzari mai suna DMAA daga shagunan barikokinta bayan mutuwar sojoji biyu a lokacin atisaye. Abin da ke rubuce a jikin roba ba lallai ne shi ke ciki ba, kuma gwajin fitsari na neman haramtattun ƙwayoyi ba ya karɓar uzurin "ban sani ba".

Gwajin ƙarfin jiki saura mako shida. Me zan yi?

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mako shida ba kaɗan ba ne. Ka fara da sanin ainihin abin da za a gwada, domin gwaje-gwajen suna canzawa. Sojan ƙasa na Amurka sun shafe shekaru tun 1980 a kan turawa, tashi-zaune da gudun mil biyu, sannan a 2022 suka koma gwaji mai ɗaga nauyi da jan kaya, a 2025 kuma suka rage shi zuwa abubuwa biyar. Ka gwada kanka a makon farko, ka ba abin da ka fi rauni a kai rabin lokacinka. Ga gudu, zama ɗaya na mita 400 sau shida a saurin da kake nema, ɗaya kuma mai tsawo a hankali. Makon ƙarshe ka rage yawa da rabi ka ƙara barci.

Ƙwaurina yana ciwo tun da muka fara tafiya da kaya. In daure?

Ya danganta da irin ciwon. Wanda ya bazu a tsawon ƙwauri, yana lafawa idan jiki ya yi ɗumi, yawanci rage gudu na ɗan lokaci yana isarsa. Wanda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya a kan ƙashi, yana ƙaruwa da tafiya, har da dare yana zogi, ana zargin tsagewar ƙashi ne. Mako ɗaya da aka ɓoye shi yana iya zama wata uku a kwance. Ƙashi da jijiya sun fi huhu da tsoka jinkirin sabawa, don haka a ƙara nauyin jaka ko nisan tafiya, ɗaya a lokaci guda, kuma tafiya mai nauyi sau ɗaya a mako ta wadatar. Taba sigari tana jinkirta warkewar ƙashi.

Ni mace ce. Akwai abin da ya bambanta?

Tsarin atisayen ɗaya ne, amma ki sa ido a kan abu biyu. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ya fi yawa ga mata, kuma horo mai tsanani yana ƙara shi. Gajiyar da barci bai kore ta ba dalili ce ta gwajin jini. Tsagewar ƙashi ma ta fi samun mata a lokacin horo. A wani gwaji da aka yi da kuratan mata na sojan ruwan Amurka, ƙarin kalsiyam da bitamin D ya rage ta da kusan kashi 20 cikin 100. In al'adarki ta ɗauke wata da watanni ba juna biyu, sau da yawa alama ce abincin bai kai aikin ba, ki ga likita.

Na yi wata biyu ban taɓa komai ba. Daga ina zan kama?

Daga rabin inda ka tsaya. Numfashi ne ke fara tafiya, cikin mako biyu zuwa huɗu za ka ji bambanci, ƙarfin tsoka kuwa ya fi daɗewa, kuma abin da jiki ya taɓa ginawa yana dawowa da sauri fiye da ginin farko. Haɗarin yana ga wanda ya dawo ranar farko yana son rama wata biyu a zama ɗaya. Irinsa ne ake kaiwa asibiti da baƙin fitsarin da aka bayyana a sama. Makon farko rabin nauyi da rabin nisa, na biyu kashi uku cikin huɗu, na uku ka gwada kanka ka rubuta sakamakon a littafin aljihu. Sannan ka koma tambaya ta biyu ka fitar da tushenka na minti 15 kafin a sake tura ku.